Yadda Sallau Jikan Wanzamai Ya Gama da Ciyawar Hajiya Yelwa

Bayan ambaton sunan Wanda ya tsirar da gashi a kai, ya tsirar da ciyawa a ƙasa, sannan ya halicci bayin da za su riƙa rage su, wannan shi ne tarihin sadauki ɗan sadaukai, Sallau ɗan Nomau ɗan Cindo ɗan Barmo mai aska bakwai, tsatson wanzaman da suka yi shekara ɗari da ɗoriya suna danna kawunan manya ƙasa ba a ce sun yi rashin kunya ba, zuriyar da attajiri ke cire wa hula, alƙali ya kwance mata rawani, mai unguwa ya miƙa mata maƙogwaro ya rufe ido. An ruwaito cewa kakansu Barmo ya taɓa aske ƙauye guda tsakanin hantsi da azahar ranar jajiberin salla, har aka koma gane mutane ta murya. An ruwaito kuma cewa Cindo in ya gama aski ya shafa tafin hannunsa a kai, ƙuda ma in ya sauka zamewa yake. Ni mai rubuta wannan ban ga ko ɗayansu ba. Amma na ga Sallau, don katanga ɗaya ce tsakaninmu a Tudun Wada ta Kaduna, kuma abin da na gani ya ishe ni in gaskata sauran.

Amma ba'adu. Zamani ya juya wa aska baya. Samari suka koma shagunan kilifa masu madubi da kiɗa, aka bar wa gidan Barmo tsofaffi da jariran ranar suna. Zabirar gado, wato jakar fatar da ake ajiye asake da ƙaho, ta faɗa hannun babban wa, Mantau, mai zama a gindin wata darbejiya a bakin kasuwa. Shekara ashirin da biyu Sallau ya yi a gefensa yana wasa aska, yana kaɗa sabulu, yana jiran kan da Yaya ya gaji da shi. Mutum ɗan shekara arba'in da ɗaya, da matarsa da 'ya'yansa, a ce har yau in an zo aski aka tarar da shi shi kaɗai sai a leƙa bayansa a ce, "Ina mai wurin?" Wannan tambaya ita ta cinye masa rai, ba rashin abin hannu ba.

Ranar da ya shelanta cewa ya saki aska, zai kama yankan ciyawar gidajen manya da inji, Mantau bai ko ɗaga ido daga ƙeyar da yake askewa ba.

"Na ba ka damina ɗaya," in ji shi. "In ruwa ya ɗauke ba ka kafu ba, ka san hanya."

"Yaya, kamfani zan buɗe."

"To. Miƙo min sabulun kafin ka buɗe."

Sai gwarzo ya sayar da babur ɗinsa, ya kutsa cikin Panteka inda ƙarafan duniya ke zuwa su tsufa, ya fito da jan ingarma ɗan Kwatano mai taya huɗu, mai wuƙa a ciki, mai igiyar ja a wuya, ya raɗa masa suna Share-Fage. Da yake ya ji an ce manyan gidaje ba sa buɗe ƙofa sai ga wanda ya yi kama da ƙwararre, ya haɗa sulkensa cikakke: riga mai ƙyalli irin ta masu gyaran titi, tabarau, safar hannu, takalmi mai hancin ƙarfe da ya fi ƙafarsa da lamba biyu, da hular kwano ruwan ɗorawa, ko da yake tun da aka halicci ciyawa ba a taɓa jin ta faɗo wa wani a ka ba. A bayan rigar ya sa aka buga da manyan baƙaƙe: Sallau da 'Ya'yansa, Ƙwararru a Harkar Ciyawa. Babbar cikin 'ya'yan tana aji biyu na firamare.

Bakaniken da ya sayar masa da injin ya yi masa wasiyya irin wadda ake yi wa mai tafiya fagen fama. Ya ce kada ya kuskura ya gauraya fetur da baƙin mai kamar yadda ake yi wa ƙaramin janareta, wannan ba irinsa ba ne. Ya ce kada ya kishingiɗar da shi ta gefen matatar iska, mai zai bi ta ciki ya turnuƙe unguwa da hayaƙi. Ya ce ya tsince duwatsu kafin ya shiga fili, don wuƙar na iya cilla tsakuwa ta fasa gilashin motar da ta fi gidansu tsada, kuma kada ya cusa hannu a ƙarƙashi sai ya zare wayar fulogi. Sallau ya haddace su kamar karatun allo, kuma ni shaida ne har yau bai karya ko ɗaya ba. Abin da bakanike ya manta shi ne bai tambaye shi ɗan gidan wa ne ba.

Damina ta yi ta tafiya, runduna ba ta ci wani babban gari ba. Gida uku, gefen filin wata makaranta, da bayan wani kanti da ya fi yawan leda a kan ciyawa. Ana cikin haka gizagizai suka fara sirancewa, wa'adin Mantau ya ƙarato, sai labari ya iso kunnen Sallau cewa lambun Hajiya Yelwa da ke Unguwar Rimi, inda ake hayar fili don biki da ɗaukar hoto, yana neman mai yanka. Lambun yana da rijiyar burtsatse, ciyawarsa ba ta san rani ba. Duk wanda ya samu wannan aiki ya samu na shekara, ya kafu, ba mai sake aikensa ɗauko sabulu.

Ciyawar nan kuwa ba haka kawai ta fito ba. Mai gadin lambun, wani dattijo da ake kira Baba Ishaya, shi ya dasa ta da hannunsa shekara goma sha ɗaya da suka wuce, tsinke-tsinke, a durƙushe, shi ya yi ta yanke ta har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Ita kuma Hajiya Yelwa tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata ce, mace ce da ba ta ɗaga murya don ba ta taɓa buƙata ba. Ta dubi Sallau daga hular kwano har hancin takalmi, ta zagaya ta karanta bayan rigar.

"Malam Sallau, kayan dai sun yi. Aikin nake son gani. Gobe Alhamis ka yanke min filin baya a lamba huɗu. Asabar akwai taro. In ya yi, aikin shekara naka ne."

"An gama, ranki ya daɗe."

"Lamba nawa na ce?"

"Huɗu, ranki ya daɗe."

Domin amfanin na baya, a gefen tayar injin akwai wani ɗan ƙarfe mai ramuka bakwai. In an sa shi a bakwai, wuƙar na shafar kan ciyawa kawai. In aka yi ta saukowa, wuƙar na saukowa, har a ɗaya ta kusa sumbatar ƙasa.

Ranar Alhamis, bayan Hajiya ta tafi ta'aziyya Zariya da alkawarin dawowa da la'asar, barde ya tura Share-Fage ya shiga ta ƙofar baya, ya tsaya a bakin fili yana ƙare wa maƙiya kallo, su dubun dubata, kore shar, sun yi sahu daga katangar gabas har ta yamma ba su san ajalinsu ya shigo da takalmi mai hancin ƙarfe ba. Bai yi gaggawa ba. Ya jira raɓa ta bushe, kamar yadda masana suka yi umarni. Ya bi filin taki-taki yana leƙen asiri, ya kamo duwatsu goma sha uku, da marafen kwalba, da cokali, da ɗan kunne wari ɗaya da wata ƙawar amarya ta bari a wani yaƙin da ya gabata. Ya duba mai, ya sa ƙarfe a rami na huɗu, ya gyara tabarau, ya kama igiya. Ja na farko ingarma ya yi tari. Na biyu ya yi atishawa. A na uku ya yi ruri har tsuntsayen kan mangwaro suka yi hijira.

"Sai ni na Nomau, ƙanen Mantau ba baransa ba!" in ji Sallau, ya danna.

Wallahi da tarihin nan ya tsaya a sa'ar farko, da na rubuta shi da ruwan zinari. Layi yake ja miƙe kamar an buga igiya, ya juya a ƙarshe cikin natsuwa, ya dawo gefen na farko ba tsallake ba maimaici, ƙamshin ɗanyar ciyawa ya cika lambun, kawunan maƙiya suna zuba a buhun baya. Kafin rana ta yi zafi ya ci kashi biyu cikin uku na daular, kuma ko Baba Ishaya da ke zaune can a ƙofar gaba yana jin ƙarar injin ya ce a ransa wannan hannu ya san abin da yake yi.

Sai aka iso gindin mangwaro. A nan wata saiwa, munafuka, ta daɗe tana kumbura ƙasa a ɓoye, ciyawa ta rufa mata asiri. Tayar gaba ta hau, ta gangara, wuƙa ta cafki tudun, ta bar wani sanƙo mai faɗin faifai, jar ƙasa a fili.

A nan ya kamata mai karatu ya natsu. Da wani mai yankan ciyawa ne a duk faɗin ƙasar nan, da ya watsa yankakkiyar ciyawa a wurin ya wuce, ko ya jawo tukunyar fure ya ɗora, ko in mai tsoron Allah ne ya nuna wa Hajiya ya ba da haƙuri, cikin mako guda wurin ya rufe. Amma Sallau ya kashe inji, ya tsuguna, ya cire safar hannu, ya shafa wurin da tafinsa. Da fata ta taɓa ƙasa, jinin Barmo ya motsa. A gidansu in aska ta zarce a wuri ɗaya ba a ɓoyewa, ba a kuma barin kai da tudu da kwari. Gefen ake saukowa da shi ya tarar da wurin, har tafin hannu ya bi ya kasa gane inda aka yi kuskure. Wannan ba shawara ba ce da ya yanke. Hannunsa ne ya kai ga ƙarfen ya mayar da shi rami na uku, shi kuwa yana kallo.

Ya zagaye sanƙon da lamba uku don ya saje. Ya ja da baya ya duba, sai ya ga faifan ya zama tabarma. Ya ƙara faɗaɗa da'irar, sai ya ga yanzu gefen mangwaro ya fi gefen katanga gajarta, abin da ko makaho zai ji da ƙafa. To ai magani a bayyane yake: a mayar da filin gaba ɗaya lamba uku, uku da huɗu ai 'yan gida ɗaya ne, Hajiya ba da ma'auni za ta zo ba. Ya sake ɗaura yaƙi daga katangar gabas. Abin da bai lissafa ba shi ne ƙasa ma kamar kan ɗan Adam take, ba wadda ba ta da ƙulu. A lamba huɗu ƙulun suna kwance lafiya. A lamba uku biyu daga cikinsu suka miƙo kai, wuƙa ta gaishe su. Yanzu sanƙo uku gare shi, kuma hannun ya riga ya san hanyar rami na biyu.

Da azahar Baba Ishaya ya ji ƙarar injin ta canza, ta koma ta abin da ke tauna ƙasa. Ya dogara sandarsa ya zagayo, ya tsaya a bakin filin.

"Ɗana, me nake gani haka?"

"Daidaitawa nake, Baba."

"Kashe injin nan. Ka kai ga farin. In ka kai ga farin ciyawa, rana za ta dafa saiwar."

Sallau mutum ne mai ladabi. Ya kashe, ya cire hular kwano, ya riƙo hannun dattijon ya kai shi tsakiyar fili inda lamba biyu ta yi iyaka da lamba uku.

"Baba, dubi Allah ka dubi nan. Haka zan miƙa wa Hajiya? Mu a gidanmu ba mu taɓa sallamar mutum da rabin aski ba."

Dattijo ya duba, kuma gaskiya wurin ya yi muni, rabi kore rabi ruwan ƙasa. "To, ƙarasa wannan ɗin kawai ka tsaya," in ji shi, ya juya don tsayuwa na cin gwiwarsa. Ban ga laifinsa ba. Shi dai ya daɗe yana ganin laifin kansa.

Abin da ya gudana tsakanin azahar da la'asar, marawaita sun yi saɓani a kan tsarinsa amma sun haɗu a kan sakamakonsa. A lamba biyu duk wani ɗan tudu da Allah ya ajiye a lambun nan ya bayyana, filin ya koma kamar kan mai makenkero, kuma babu wanzami ɗan halas da zai ga irin wannan kai ya bar shi da sauran gashi. Ƙarfe ya faɗa rami na ɗaya. Share-Fage ya yi gaba yana gurnani, jar ƙasa na tashi a bayansa, gumi na kwarara daga ƙarƙashin kwalkwali, sadauki na bin 'yan tsirarun da suka fake a gindin katanga da bayan famfo yana ƙarasa su ɗaya bayan ɗaya, ba ya karɓar mubaya'a, ba ya kama fursuna, har sai da ya tsaya a ƙuryar yamma ya waiga bai ga mai sauran numfashi ba.

Ya bi kusurwa huɗu yana shafawa da tafi. Sumul. Zan faɗi abin da ya ji, don shi ya gaya min da bakinsa: daɗi ya ji, irin wanda bai taɓa ji ba. Wannan ne kai na farko a rayuwarsa da ya fara da kansa, ya gama da kansa, ba wanda ya karɓe askar a tsakiya ya ce kawo in gyara. Ya share filin, ya ɗaure buhuna, ya zare wayar fulogi ya wanke cikin injin, ya goge takalmi, ya mayar da safar hannu, ya tsaya ƙiƙam a gefen ingarmansa yana jiran lambar yabo.

Hajiya Yelwa ta shigo da jakarta a hannu. Ta taka har tsakiyar filin, takalminta na ƙara a inda bai taɓa yi ba.

"Malam Sallau, ina ciyawar?"

"Tana cikin buhuna, ranki ya daɗe. Tara ne, na ɗaure su."

"Lamba nawa na ce?"

"Huɗu."

"Wannan fa?"

"Da huɗun aka fara, ranki ya daɗe."

Ta dube shi. A cikin wannan kallo ne daɗin ya tsiyaye daga jikinsa, ya fara ganin filin da idon wanda ba wanzami ba, har takalmin ya ƙara yi masa yawa.

"Ban kore ka ba," in ji ta. "Ka bar injin nan a gida. Ka zo safe da yamma ka ba ta ruwa, sati uku. In ta dawo, mu yi magana."

Taron Asabar a kan dardumar haya aka yi shi, baƙi suna ta tambayar ko gini za a yi a wurin.

Daga nan aka shiga abin da masana ke kira yaƙi na biyu, wanda ya fi na farko tsawo da wuya, don a wannan karon jarumin yana roƙon maƙiya ne su tashi. Ruwan sama ya ɗauke ɗif. Kullum da sassafe za ka ga Sallau cikin cikakken sulke, riga mai ƙyalli da hular kwano, riƙe da tiyo, yana bin jar ƙasa a hankali. Baba Ishaya ya dawo da kujerarsa bayan gida, yana nuna masa da sanda inda ruwa ke kwanciya da inda yake gudu, bai taɓa ce masa ai na gaya maka ba, abin da ya fi zagi zafi. Ana cikin mako na biyu Mantau ya aiko a tambaya ko a unguwarsu Sallau ma ruwan ya ɗauke, ko kuwa a kasuwa ne kawai. Sallau ya ci gaba da ban ruwa.

Rana ta goma sha biyu kore ya leƙo a gindin katanga da inuwar mangwaro, tsilli-tsilli kamar gemun saurayi. Sallau ya durƙusa yana ƙirga su, Baba Ishaya ya sauko da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa ya taya shi dubawa. Jikan mutanen da suka yi ƙarni suna yaƙi da tsiro ya koma yana addu'ar tsiro bayan kowace salla. Amma tsakiyar filin, inda rana ke zama daga hantsi har la'asar, ko gezau. Saiwar ta dahu, kamar yadda aka faɗa.

Ranar da sati uku suka cika ya iso ya tarar da babbar mota a ƙofa, ma'aikata na sauke wasu naɗaɗɗun abubuwa kore masu kama da darduma. Hajiya na tsaye tana nuna musu hanya. Baba Ishaya ya mayar da kujerarsa ƙofar gaba, ya juya ta tana kallon titi.

"Malam Sallau, ka yi ƙoƙari, ina gani," in ji Hajiya. "Amma watan bukukuwa ya ƙarato, kuma amare ba sa hoto a kan jar ƙasa. Ta roba na sayo."

Ya bi su baya ya tsaya yana kallo suna warware ta a kan 'yan tsiron da ya yi kwana tara yana ƙirgawa, suna ja, suna buga ƙusa. Kafin hantsi filin ya koma kore shar daga katanga zuwa katanga, tsawo ɗaya, ba tudu ba kwari. Da haka aka tabbatar wa ɗan Nomau nasarar da ba a taɓa rubuta wa wani mayaƙi irinta ba, don sauran sadaukai in sun ci gari maƙiya kan sake taruwa baɗi, shi kuwa ya ci nasa yaƙin ta yadda har abada ba za a sake buƙatar mayaƙi a wannan ƙasa ba.

Ya matsa kusa da shugaban ma'aikatan, wanda ke tsugune da guduma.

"Maigida, ita wannan sau nawa ake yanke ta a shekara?"

"Ba a yanke ta."

"Ko ɗan rage mata baki haka?"

"Tsintsiya kawai take so," in ji mutumin, bai ɗago ba.

Sallau ya gyaɗa kai ya yi godiya. Ya je ya kwance tiyon daga famfo, ya zubar da sauran ruwan ciki, ya naɗe shi a hankali yadda ƙwararru ke yi, ya rataye. Sannan ya fito ƙofar gaba, ya cire hular kwano, ya tambayi Baba Ishaya inda ake samun motar zuwa kasuwar su Mantau daga nan.